Yadda Za Ka Ziyarci Gandun Mulu, Inda Ruwan Sama Ya Rarake Duwatsu

Wanda ya tashi a gindin Kufena ko Kwatarkwashi ya san dutse a matsayin abin da ruwa bai iya masa komai. Damina ta sauka a kansa ta gangare, kaka ta yi ka same shi yadda ka bar shi. To akwai wani irin dutse da ba haka halinsa yake ba, kuma ba baƙo ba ne a wajenmu: dutsen farar ƙasa, wanda ake haƙowa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gwambe da Malbaza ta Nijar ana yin siminti da shi. Shi wannan dutse ruwa yana cin sa.

Ga yadda abin yake. Ruwan sama yana kwasar iskar kabon tun yana sama, ya ƙara kwasa idan ya ratsa ƙasar daji mai ruɓaɓɓen ganye, sai ya ɗan yi tsami. Tsamin bai kai harshe ya ji ba, amma ya isa ya narkar da farar ƙasa kaɗan-kaɗan. Ruwan ya bi tsaga, tsaga ta zama rami, rami ya zama kogo, har rafi ya bar bin doron ƙasa ya koma gudu a cikin dutse. A sama kuma abin da ruwa bai cinye ba ya rage a tsaye da kaifi kamar bakin wuƙa. Masana suna kiran ƙasa mai wannan siffa karsti, sunan da suka aro daga tudun Kras da ke kan iyakar Sulobeniya da Italiya.

A irin waɗannan wurare, wanda na taka da ƙafata lokacin ina karatu a Malesiya shi ne Gandun Gunung Mulu (gunung na nufin babban dutse a harshen Malay), a jihar Sarawak da ke tsibirin Borniyo, dab da iyakar Burunai. An keɓe shi a 1974, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 2000, faɗinsa kuwa ya kusa murabba'in kilomita 530. 'Yan'uwanmu da yawa suna yin shekara uku ko huɗu a Kuala Lumpur su dawo gida ba su taɓa jin sunansa ba, abin da nake ganin babbar asara ce. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan: a Mulu ruwa ne mai gida. Shi ya gina wurin, kuma shi zai yanke abin da za ka gani da abin da ba za ka gani ba. Duk shirin da zan faɗa maka a kan wannan aka ɗora shi.

Fara da ƙirga kwanakinka

Kano ba ta cika samun ruwan da ya wuce milimita 1,000 a shekara ba. Mulu tana samun tsakanin 4,000 zuwa 5,000. Babu rani irin namu. Ana samun ɗan sauƙin ruwa wajen Yuli zuwa Satumba, amma a lokacin ne baƙi suka fi yawa, kuma ko a lokacin hadari yakan haɗu da yamma ya zuba. Saboda haka kada ka ɓata lokaci wajen neman watan da ba a ruwa. Abin da za ka nema shi ne rarar kwana.

Idan kogwanni huɗu da aka shirya wa kowa da kowa kawai kake so, da kallon fitar jemagu daga kogo da yamma, ka ba wurin kwana uku. Idan da hawan dutse don ganin tsinin duwatsu masu kama da takubba a ranka, kwana biyar ne mafi ƙaranci, shida ya fi. Na ga mutanen da suka sauka da rana, suka kwana ɗaya, ruwa ya hana jemagu fita a yammacin nan, washegari suka koma filin jirgi da ɓacin rai. Da sun ƙara dare ɗaya da sun ga abin da ya kawo su.

Takardu da hanya

Ɗan Najeriya yana buƙatar biza kafin ya shiga Malesiya, da katin allurar shawara. Amma ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: Sarawak tana da nata ikon shige da fice. Ko daga Kuala Lumpur ka taso, jirgin cikin gida, sai ka tsaya gaban jami'i ya duba fasfonka ya buga maka hatimi. Kada ka bar fasfo a ɗakinka ka ce ai cikin ƙasa ɗaya ne. Idan kai ɗalibi ne, ka shiga ofishin ɗaliban waje na makarantarku kafin ka sayi tikiti, su duba maka ko bizarka tana da sauran kwanaki masu yawa, kuma ka karɓi wasiƙar da ta nuna kai ɗalibinsu ne. Ka buga takardar masauki da tikitin komawa a kan takarda, domin ita ake saurin miƙa wa jami'i.

Babu titin kirki da baƙo zai bi da mota ya isa Mulu. Jirgin sama ake hawa. Daga Kuala Lumpur zuwa Miri, wani birni a Sarawak, awa biyu da 'yan mintuna ne, daga Miri kuma ƙaramin jirgi mai farfela zai kai ka cikin kusan rabin awa. Ana kuma samun jirgi daga Kuching da Kota Kinabalu. Akwai tsohuwar hanyar ruwa ta kogin Baram da Tutoh, sai dai tana cin yini, kuma ba kullum ake samun jirgin ruwan ba. Ban ba baƙon farko shawarar ta ba. Ka nemi kujerar taga. Mintunan farko gonakin kwakwar manja za ka gani a jere har iyakar ido, sai can daji ya rufe ƙasa ruf, koguna masu launin shayi da madara suna lanƙwasa a cikinsa, sannan fararen bangwayen dutse su ɓullo daga cikin kore.

Kafin ka bar Miri ka ciri isassun ringgit, wato kuɗin Malesiya. Kada ka dogara da samun na'urar cirar kuɗi a Mulu, kuma masu kwalekwale da masu ƙananan masaukai kuɗi a hannu suka sani. Intanet ma ba ta da ƙarfi, don haka ka sanar da mutanen gida tun da wuri cewa za su ji ka shiru-shiru.

Kama gurbi tun kana gida

Wannan matakin shi ne mutane suka fi yi wa sakaci. Ba a shiga kowane kogo a Mulu sai da ɗan jagoran da hukumar gandun ta amince da shi, kuma kowace tawaga tana da adadin da ba a wucewa. Ka rubuta wa ofishin gandun ta shafinsu makonni kafin tafiya, ka faɗi ranakunka da abin da kake son gani, su jera maka. Hawan tsinin duwatsu da gadar saman itatuwa su ne suka fi saurin cika. Idan ka isa za ka biya kuɗin shiga na kwana biyar, a ɗaura maka shaida a wuyan hannu; kada ka cire ta.

Masauki iri uku ne. Akwai na cikin gandun, daga ɗakin kwana na haɗaka zuwa ƙananan gidaje. Akwai gidajen mutanen gari a tsallaken kogin Melinau, masu araha, wasunsu wuta ba ta kwana. Akwai kuma otal na Marriott ga mai hali. Ni na fi son na cikin gandun ko wanda ke kusa da gadar shiga, saboda tafiye-tafiyen duk daga ofishin suke tashi, kuma wanda ya makara ba a jiransa.

Maganar abinci, kada ka ɗauka ko'ina a Malesiya daidai yake da Kuala Lumpur. A Sarawak Kirista sun fi Musulmi yawa, mutanen da ke kewaye da Mulu kuwa, Berawan da Penan, akasarinsu Kirista ne, kuma naman aladen daji yana cikin abincinsu. Ka yi tambaya cikin ladabi kafin ka ci nama a gidan da ka sauka; ba sa jin haushin tambayar, sun saba da baƙi Musulmi. Shinkafa da ƙwai da kifi da ganye ba sa yankewa. Ka zo da garin kwaki da ƙuli-ƙuli ko dabino idan kana da su, za su yi maka rana. Alƙibla a can yamma take da ɗan karkata arewa, ba gabas da muka saba ba. Ka duba ta a wayarka tun kana da intanet, ka riƙe alama.

Kayan da za ka ɗauka

Ka manta da takalmin gayu. Hanyoyin katako na Mulu kullum a jiƙe suke, da gansakuka, santsinsu ya fi na bakin rijiya. Ka duba ƙafar 'yan jagora: yawancinsu takalmin roba ne mai ƙusoshi a ƙasa, wanda suke kira adidas kampung, wato adidas na ƙauye, kusan irin wanda makiyayanmu suke sawa. Yana da arha a shagunan Miri, yana kama dutse, ruwa ya shiga ka zubar ka mayar. Ka sayi wanda ya ɗan fi ƙafarka, ka sa da safa mai kauri, kuma ka yi yawo da shi kwana ɗaya kafin doguwar tafiya.

Sai tocila ta ɗaurawa a goshi da ƙarin batir, rigar ruwa marar nauyi, da ledoji masu zif na fasfo da waya. Tufafi ka zaɓi masu saurin bushewa. Shadda da yadin auduga mai kauri idan suka jiƙe a can sai su kwana biyu suna ɗoyi, saboda iskar kanta a jiƙe take. 'Yan'uwa mata, dogon wando mai sauƙi da riga mai dogon hannu da ƙaramin hijabi wanda ba ya jan ƙasa sun wadatar, kuma sun fi kare jiki daga ƙwari. Ka riƙe maganin shafawa na sauro, da garin gishiri da sukari na zawo, domin gumin da za ka yi ba irin wanda ka sani ba ne: ba ya bushewa, zuba yake yi.

Akwai matsattsaku a hanyoyin daji, musamman bayan ruwa. Ba su da dafi kuma cizonsu ba ya zafi, sai dai jinin yakan jima yana tsattsafowa. Ka cusa ƙafar wando cikin safa. Idan ka ga ɗaya ya kama, ka sa farce a gefen bakinsa ka ture shi, ka wanke wurin, ka manna filasta.

Yammacin farko: kogon barewa da fitar jemagu

Ka sa wannan a ranar da ka sauka, don idan ruwa ya ɓata maka ka sami damar komawa. Ana tashi daga ofis wajen ƙarfe 2 na rana, a bi hanyar katako kilomita 3 da ɗoriya cikin daji, tafiyar kusan awa ɗaya. Ka yi azahar kafin ka fita, ka riƙe gorar ruwa ta alwala.

Za a fara kai ku kogon Lang, wanda aka sa wa sunan wani mutumin Berawan da ya gano shi. Ƙarami ne, amma a nan za ka ga ɗaya fuskar aikin ruwa. Ruwan da ya narkar da dutse a sama, idan ya ɗigo cikin kogo sai ya ajiye ɗan abin da ya ɗauko. Ɗigo bayan ɗigo, shekaru dubbai, sai ƙahonin dutse su sauko daga rufi, wasu su taso daga ƙasa, wasu su haɗu su zama ginshiƙi, wasu su bazu kamar labulen da aka tattare. Kada ka taɓa su. Maiƙon tafin hannu yana ɓata fuskar dutsen, tabon kuma ba ya fita.

Daga nan 'yan taku kaɗan ne zuwa kogon barewa, wanda a allo za ka ga an rubuta Deer Cave. Sunan ya samo asali ne daga barewar da ke zuwa lasar gishiri a bakinsa. Kafin idonka ya ga komai hancinka zai sanar da kai. Duk wanda ya yi karatu a ajin da jemagu suka tare a silin ya san warin nan. Ka ninka shi yadda ka ga dama. Bayan minti goma za ka saba. Abin da ba za ka saba da shi ba shi ne girman wurin. Tsawonsa ya wuce kilomita 2, rufinsa a wasu wurare ya haura mita 120. Mutanen da ke gabanka a kan hanya sukan koma kamar tururuwa. Shekaru da yawa shi ake ɗauka mafi girman ramin kogo a duniya, sai da aka auna Son Doong na Biyetnam a 2009.

Ɗan jagora zai haska tocila sama ya nuna maka wasu baƙaƙen faci a rufi, kamar inda hayaƙi ya taɓa. Jemagu ne, miliyan biyu zuwa uku bisa kiyasi. Tudun da ke gefen hanya, mai kama da baƙar ƙasar noma, kashinsu ne, kuma idan ka haska shi da kyau za ka ga yana motsi da ƙwari. Ka duba kafin ka dafa ƙarfen gefen hanya. Mai asma ko ciwon ƙirji ya sa takunkumi, kuma kowa ya wanke hannu kafin ya kai wani abu baki. A wani wuri za a ce ku juya ku kalli baya: hasken bakin kogon yana zana fuskar mutum ta gefe, wadda baƙi suke cewa ta Abraham Lincoln ce. Can ƙarshe kuma, inda rufin ya rufta tun zamanin da, rana tana sauka kan wani ɗan daji kore shar a kewaye da bangon dutse, ga ruwa yana zubowa daga rufi kamar an kunna shawa.

Idan kun fito sai a zauna a dandalin kallo, akwai benci da rumfa, a nan za ka iya yin la'asar. Tsakanin ƙarfe 5 zuwa 6 da rabi ake sa ran fitarsu. Ranar farko da na zauna a nan, hadari ya taso, muka yi awa ɗaya da rabi muna kallon bakin kogo, ko ɗaya bai fito ba. Muka koma cikin duhu a jiƙe. Washegari na dawo ni kaɗai, domin zuwa dandalin ba ya buƙatar ɗan jagora. Wajen shida saura sai wani baƙin zobe ya fito daga saman kogon yana juyawa a gaban farin bangon, sannan ya warware ya zama igiya mai murɗawa kamar hayaƙin da iska ke ja, ta bi ta saman kanmu. Bayanta wata, bayanta wata. Idan wurin ya yi tsit kana jin shuuu na fukafukansu. Shaho yana jira a gefen dutse, ya kutsa cikin igiyar ya fito da ɗaya a ƙafa, igiyar ta tsinke ta sake haɗewa. Ba abin da ya fito bakina sai tasbihi. Ka ajiye waya na ɗan lokaci ka kalla da idonka. Hoton ba ya kama shi.

Safiya ta biyu: bin kogin Melinau

Kogon iska da kogon garai-garai, Wind Cave da Clearwater Cave, da safe ake zuwa, a dogon kwalekwale mai inji. Ka sa rigar kariya da za a ba ka, ka zauna a tsakiya, kada ka miƙe. Idan an kwana biyu ba ruwa kogin yakan janye, sai an sauka an tura. Idan an yi ruwa da yawa kuma yakan cika har a ɗage tafiyar. Mai tuƙi ya fi ka sanin kogin, kada ka matsa masa.

A hanya ana tsayawa a Batu Bungan, ƙauyen Penan. Mutane ne da a da yawo suke yi cikin daji, suna farauta da bututun da ake hura kibiya, suna cin garin da suke tacewa daga cikin wani irin dabinon daji. Sare itatuwan katako ya cinye yawancin dajinsu; tun 1987 suka riƙa tare hanyoyin masu saran da jikinsu. Yanzu matansu suna baje tabarmi da kwanduna na saƙa da duwatsun ado a rumfa. Ka saya, kuma kada ka yi irin cinikin Kantin Kwari a nan. Abin da ke hannunta ta yi kwanaki tana saƙa shi. Kafin ka ɗauki hoton mutum ka ce "Boleh ambil gambar?", wato zan iya ɗaukar hoto, idan an gama ka ce "Terima kasih."

Kogon iska ya ci sunansa. A wuraren da ya tsuke za ka ji sanyi yana bugun fuskarka, saboda kogon yana da ƙofofi a tudu da gangare, bambancin zafin ciki da waje yana jan iska ta ratsa. Babban ɗakinsa cike yake da ginshiƙai. Kogon garai-garai kuwa sai ka hau matakala kusan 200 kafin ka kai bakinsa. Ka tsaya a bakin ka kalli bango: akwai wani tsiro da ganye ɗaya tak yake yi duk rayuwarsa, yana reto a jikin dutse. Ciki kuma kogi ne sosai yake gudu cikin duhu, ana jin rurinsa tun kafin a gan shi. Ka lura da bangon gefensa, yadda ruwa ya sassaƙa shi kamar an bi da cokali, da wata doguwar tsaga a kwance da ke nuna inda kogin yake a da kafin ya nutsa ƙasa. Abin da za a nuna maka ɗan yanki ne; an auna fiye da kilomita 200 na wannan kogo, kuma har yanzu masu bincike suna ƙara gano sabbin rassa. Idan kun sauko akwai tafki mai sanyi inda ruwan ya fito daga dutse, ana wanka. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa.

Sauran yinin ka cike shi da abin da ya sauƙaƙa. Gadar saman itatuwa tsawonta mita 480, a rataye tsakanin manyan bishiyoyi, sama da mita 20 daga ƙasa. Da sassafe ta fi daɗi, lokacin tsuntsaye. Yawon dare da ɗan jagora yana nuna maka kwaɗi da ƙwarin da suka yi kama da kara ko ganye. Akwai hanyoyin da ake bi ba jagora, kamar ta magangarar ruwan Paku, amma sai ka rubuta sunanka da lokacin fita a wurin masu gadi, kuma ka koma ka goge idan ka dawo. Idan ka manta, mutane za su shiga daji nemanka da dare.

Tsinin duwatsu: ka auna kanka da gaskiya

Hoton da aka fi sanin Mulu da shi shi ne na wasu duwatsu masu tsini kamar takubban da aka kafa, wasu sun kai mita 45, sun huda daji a kafaɗar Gunung Api. A hoto kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Tafiyar kwana uku ce. Ranar farko, bayan kogwannin safe, kwalekwale zai wuce da ku wata masauka a bakin kogi da ake kira Kuala Litut, daga nan ku taka kusan kilomita 9 cikin daji, hanya a miƙe ba hawa, zuwa wurin kwanan da ake kira zango na biyar, wato Camp 5. Zangon rumfa ce ta katako a bakin kogi, gaban babban bangon Gunung Benarat. Akwai katifar shimfiɗa da wurin girki, amma abincinka kai za ka ɗauko, na kwana uku, da abin rufa da gidan sauro ko kuɗin hayarsa. Ƙudan zuma suna bin gumi a wurin, don haka ka wanke rigar da ka yi tafiya da ita, kada ka rataye ta kusa da inda kake kwana.

Rana ta biyu ana tashi da an yi asuba gari ya ɗan waye. Hanyar kilomita 2.4 ce kacal, amma a cikinta za ka hau kusan mita 1,200. Wato kowane taku biyu gaba, taku ɗaya sama. Babu shimfiɗaɗɗen wuri. Saiwoyi ne da dutse mai yanka hannu, shi ya sa safar hannu ta zama dole. Ka ɗauki ruwa lita uku, ka ajiye gora ɗaya a rabin hanya don dawowa. Kashi na ƙarshe tsani ne na ƙarfe fiye da goma, da igiyoyi, da ƙarafan da aka kafa a dutse, wani wurin kana taka siririn ƙarfe rami na ƙarƙashinka. Hukumar gandun ta sa lokacin da dole a kai wasu alamomi. Wanda bai kai tsani na farko a kan lokaci ba za a ce ya juya. A tawagarmu an mayar da wani saurayi mai ƙarfi, ya yi ta roƙo, ɗan jagora ya ƙi. Da yamma da muka sauko ƙafafunmu suna rawa, shi da kansa ya je ya yi wa jagoran godiya. Saukowa ta fi hawa wuya kuma ta fi cin lokaci, kuma wanda dare ya riska a kan wannan dutse ya shiga hatsari na gaske. Haka nan idan aka wayi gari da ruwa mai ƙarfi, za a soke hawan gaba ɗaya, ko da ka taka kilomita taran nan.

Shawarata ita ce, idan kana da ciwon gwiwa, ko hawan jini da ba a daidaita ba, ko jiri yana ɗibarka a bene, ka bar shi. Abin da ke ƙasa ya isa tafiya. Idan lafiyarka ƙalau, ka yi wata guda kana hawa da saukar matakalar bene da jaka a baya kafin ka zo. Kuma kada ka gwada shi da azumi. Wanda ya kai sama, zai sami ɗan wuri da bai fi tabarma uku ba, ya zauna yana kallon takubban nan gajimare yana shiga tsakaninsu yana fita. Gefunansu ruwan sama ne ya wasa su, ɗigo-ɗigo, a jikin dutsen da asalinsa ɓawon halittun teku ne da suka taru a ƙarƙashin ruwa shekaru miliyoyi da suka wuce.

Akwai abin da ya fi wannan ga ƙwararru. Ɗakin Sarawak, wani makeken ɗaki a cikin kogo wanda Turawan Birtaniya uku, Andy Eavis da Dave Checkley da Tony White, suka shiga a 1981, tsawonsa kusan mita 600 ne, faɗinsa ya wuce 400, ba ginshiƙi ko ɗaya. Filin ƙwallo ashirin zai shiga ciki. Ba a kai mutum sai ya nuna ya taɓa shiga kogo mai wuya, ko ya fara gwadawa a wani matsakaici kamar Racer. Ƙololuwar Gunung Mulu kuma, mai mita 2,376, tafiyar kwana huɗu ce. Waɗannan ka bar su sai zuwa na biyu.

Ranar komawa

Duk ledar da ka shiga da ita daji ka fito da ita, har ɓawon alewa da batirin da ya mutu. Kada ka ɗauko dutse ko tsiro don tsaraba. Doka ta hana, kuma ana hukunta wanda aka kama. Ɗan jagora da mai kwalekwalen da suka yi maka hidima ka yi musu alheri a hannu.

Kada ka haɗa jirgin fita daga Mulu da jirginka na ƙasar waje a rana ɗaya. Idan gajimare ya sauko kan filin, ƙaramin jirgin yakan makara ko a ɗage shi zuwa gobe. Ni sai da na yi awa huɗu a zaune ina kallon ruwa yana dukan titin jirgi kafin ya lafa. Ka bar dare ɗaya a Miri, ka shanya kayanka a can, ka wanke takalmin roba da sabulu kafin ka sa shi cikin jaka, domin warin kogon barewa yana bin mutum har gida.